YADDA MALAMAN MAKARANTA SUKA GANE SU 'YAN AFIRKA NE

Idan aka tambayi mutum ko shi ɗan ina ne, abin da yakan fara faɗa shi ne sunan garinsu, in an matsa masa ya ambaci ƙabilarsa ko ƙasarsa. Da wuya a sami manomi a Damagaram ko ɗan tireda a Tamale ya amsa da cewa shi ɗan Afirka ne, domin duk wanda ke kewaye da shi ɗan Afirka ne, kalmar ba za ta bambanta shi da kowa ba. Nahiya ba aba ce da ido ke gani ba kamar ganuwar birni ko bakin kogi. Yaro yakan fara jin labarinta ne a aji, ranar da malami ya rataya taswira a bango ya nuna masa inda ƙasarsu take, da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita, da teku da ya kewaye su duka.

Saboda haka abin da malamin kansa yake ji game da wannan taswira ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da ya ɗauki ƙasashen maƙwabta a bakin sunayen da za a haddace don jarrabawa, haka zai koyar da su. Wanda kuwa ya taɓa zama a cikinsu, ya ci tuwonsu, ya koyar da 'ya'yansu, wani irin darasi dabam zai bayar. Tarihin shekaru ɗari da suka wuce ya nuna cewa yawancin malaman da suka fara kiran kansu 'yan Afirka, suka kuma koya wa ɗalibai haka, mutane ne da karatu ko aiki ya fitar da su daga gida. Amma wannan tarihin ya kuma nuna cewa tafiya kaɗai ba ta isa ba, kuma abin da zaman tare ya gina, kora da wulaƙanci suna iya rushe shi.

Kafin a san kalmar

Yawon malamai ya girmi makarantun boko da ɗaruruwan shekaru. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya taso daga ƙasar Tuwat, cikin hamadar Aljeriya ta yanzu, ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya koyar ya kuma rubuta wa sarki nasiha kan sha'anin mulki. Bayan shekaru ɗari huɗu Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya bi hanyar fataken goro ya sauka Salaga, daga baya ya zauna Kete-Krachi cikin ƙasar Ghana ta yanzu, inda ya yi ta karantarwa har ya rasu a 1934, almajiransa kuma suka bazu cikin zangunan ƙasar.

Irin waɗannan malamai ba su san iyaka ba, duk inda dare ya yi musu akwai masallaci da zaure da mai masauki. Sai dai abin da suke gani ya haɗa su da mutanen da suka tarar shi ne addini da Larabci da littattafan da ake karantawa. Suna maganar ƙasashen Sudan ko Takruru, watau ƙasashen baƙar fata da ke kudu da hamada, amma ba su yi tunanin wata al'umma guda da ta haɗa Musulmi da Kirista da mai addinin gargajiya, tun daga Masar har gaɓar kudu, don kawai suna zaune a nahiya ɗaya ba. Wannan tunani sabo ne, kuma zuwan mulkin mallaka da makarantunsa ne ya buɗe masa hanya, ba tare da masu mulkin sun yi nufin haka ba.

Waɗanda suka hango gida daga ƙetare

Ɗaya daga cikin na farko shi ne James Kwegyir Aggrey, Bafante wanda aka haifa a Anomabu, bakin teku a ƙasar Gold Coast, cikin 1875. Yana malamin makarantar mishan ya tafi Amurka a 1898, ya yi karatu a kwalejin Livingstone ta baƙar fata a jihar Karolina ta Arewa, ya kuma koyar a can, zamansa a Amurka ya kai fiye da shekara 20. A wannan wuri ba wanda ya damu da sanin ko shi Bafante ne ko Batone. Fararen fata sun haɗa shi da sauran baƙaƙe a ƙarƙashin dokokin wariya, baƙaƙen kuwa suna kallonsa a matsayin mutumin da ya zo daga ƙasar kakanninsu, suna yi masa tambayoyi game da Afirka baki ɗaya. Mutumin da ake tambaya kullum game da nahiya, tilas ya fara tunanin kansa a matsayin ɗanta.

A 1920 aka sa shi cikin wata hukumar binciken ilmi ta gidauniyar Phelps-Stokes, ya zagaya Saliyo da Laberiya da Gold Coast da Nijeriya da Kwango da Angola da Afirka ta Kudu. A 1924 ya sake bin hukumar zuwa gabashin Afirka. A zamaninsa 'yan Afirka ƙalilan ne suka ga nahiyar da idonsu kamar yadda ya gan ta. Da ya koma gida aka naɗa shi mataimakin shugaban kwalejin Achimota, kuma ko da yake ya rasu a 1927, shekarar da aka buɗe ta, maganganunsa sun riga sun shiga kunnen samari. Kwame Nkrumah, wanda ya sami horon malanta a wannan kwaleji, da Nnamdi Azikiwe, wanda ya saurare shi yana wa'azi a Ikko, dukkansu sun rubuta cewa shi ne ya sa musu sha'awar tafiya Amurka karatu.

Haka al'amarin ya kasance ga Julius Nyerere na Tanganyika, wanda har ya rasu mutanensa Mwalimu suke kiransa, watau malam. Ya yi karatu a Makerere ta Uganda tare da ɗaliban Kenya da Zanzibar, sa'an nan ya tafi Edinbara a 1949, ya komo a 1952 ya ci gaba da koyarwa. A 1960 ya ce a shirye yake a jinkirta 'yancin Tanganyika idan hakan zai sa ƙasashen gabashin Afirka su sami 'yanci tare a matsayin tarayya ɗaya. Da wuya mutumin da bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da 'yan waɗannan ƙasashe ba ya yi irin wannan tayi.

Makaranta ɗaya, ƙasashe takwas

A yankin da Faransa ta mallaka kuwa, ba sai an ƙetare teku ba. Faransawa sun haɗa ƙasashe takwas na yammacin Afirka ƙarƙashin gwamna guda a Dakar, watau Senegal da Muritaniya da Sudan ta Faransa, wadda ita ce Mali a yau, da Gini da Kodebuwa da Volta ta Sama da Dahome da Nijar. Babbar makarantar horon malamai ɗaya suka yi wa dukkansu. An kafa ta a Saint-Louis a 1903, aka mayar da ita tsibirin Gore a 1913, aka kuma sa mata sunan William Ponty, ɗaya daga cikin gwamnoninsu. Kafin yaƙin duniya na biyu aka sake mayar da ita Sebikotane, kusa da Dakar.

Yaron da ya ci jarrabawa a Yamai ko Zinder sai ya yi tafiyar makonni kafin ya isa, ya tarar da Bambara da Wolof da Mosi da Fon da Baule, ba harshen da ya haɗa su sai Faransanci. Shekara uku suke yi tare. Ana sa kowa, in ya je hutu, ya rubuto bayanin wata al'adar garinsu, kamar aure ko noma ko tatsuniya, kuma ɗaruruwan waɗannan littattafan rubutu suna ajiye a Dakar. A shekarun 1930 ɗaliban kowace ƙasa sukan shirya wasan kwaikwayo daga tarihin mutanensu su nuna wa sauran. Nufin Faransawa shi ne su sami ƙananan ma'aikata masu biyayya, su kuma tattara labarin mutanen da suke mulka. Abin da ya faru kuwa, ɗan Nijar ya zauna ya kalli tarihin Dahome, ɗan Gini ya ji tatsuniyar Kodebuwa, kowa ya ga inda nasu ya yi kama da na wani.

Daga wannan makaranta Boubou Hama ya fito a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya sami takardar malanta a can. Daga nan ne kuma Diori Hamani ya fito, ya koyar a Yamai da Maraɗi, ya kuma je Faris ya koyar da Hausa da Zabarmanci ga Faransawa masu shirin aikin mulki. Modibo Keita na Mali da Hubert Maga na Dahome da Mamadou Dia na Senegal duk malamai ne 'yan Ponty, Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa ma ta nan ya bi kafin ya shiga karatun likita. Da aka taru a Bamako cikin watan Oktoba na 1946 aka kafa jam'iyyar RDA, wadda ta haɗa ƙasashen Afirka na Faransa a ƙarƙashin tuta ɗaya, da yawa daga cikin shugabanninta sun riga sun san juna tun suna ɗalibai. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

A arewacin Nijeriya hanyar gabas ce ta buɗe. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horon alƙalai a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan su koyar a cikinta. A 1947 aka faɗaɗa ta ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Cikin shekarun 1950 kuma aka riƙa aika waɗansu daga cikin waɗanda suka gama zuwa Bakht er-Ruda, cibiyar horon malamai da ke bakin Farin Nilu, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi. Sudan ba baƙuwa ba ce ga Hausawa, domin hanyar hajji ta cikinta ta bi, kuma akwai garuruwan Hausawa da Fulani a can irin su Mai Wurno. Sabon abu shi ne ganin wata ƙasar Afirka wadda ita ma Ingila ke mulka, tana koyar da lissafi da labarin ƙasa da Larabci bisa tsarin zamani, malamanta kuma 'yan ƙasa ne. Abin da wani ɗan Afirka ya iya, ba a iya cewa sai Bature.

Ranar da aka gwada zumunci

A ranar 28 ga Satumba 1958 Faransa ta yi wa ƙasashen da take mulka ƙuri'ar raba gardama. Gini kaɗai ce ta ce a'a, ta zaɓi 'yanci nan take. Faransa ta yi fushi ta kwashe ma'aikatanta, makarantun sakandare suka wayi gari ba isassun malamai. Shugaba Sékou Touré ya yi kira ga masu ilmi na Afirka, waɗansu kuwa suka amsa, suka bar aiki mai albashi da fansho a hannun Faransa suka tafi. Cikinsu akwai Joseph Ki-Zerbo na Volta ta Sama, masanin tarihi, da matarsa Jacqueline, da Abdou Moumouni na Nijar, masanin kimiyya wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, da David Diop, mawaƙi ɗan Senegal, wanda ya koyar a garin Kindiya. Ba ɗayansu da yake ɗan Gini. Sun tafi ne domin a ganinsu faɗuwar Gini faɗuwar Afirka ce.

Wannan shi ne ƙololuwar abin, amma bai daɗe ba. Ki-Zerbo da Moumouni sun koma gida bayan ɗan lokaci. A watan Nuwamba na 1961 gwamnatin Gini ta zargi shugabannin ƙungiyar malaman ƙasar da ƙulla makirci, ta ɗaure su, cikinsu har da masanin tarihi Djibril Tamsir Niane. Malaman da suka zo don Afirka suka gane cewa shugaba yana iya yin maganar haɗin kan nahiya a dandali, alhali kuwa ba ya ƙaunar malamin da ke faɗa masa gaskiya a gida. Duk da haka tafiyar ba ta tashi a banza ba. Moumouni ya buga littafinsa kan ilmi a Afirka a 1964, inda ya yi maganar nahiyar baki ɗaya, ya kuma nemi a koyar da yara da harsunansu. Ki-Zerbo ya buga tarihin Afirka baƙar fata a 1972.

Akwai kuma darasi na biyu da zama cikin baƙi ke koyarwa, wanda aka fi gani a rayuwar Ezekiel Mphahlele na Afirka ta Kudu. An kore shi daga aikin koyarwa a 1952 saboda ya yi hamayya da shirin gwamnatin wariyar launin fata na ba baƙaƙe ilmi mai rauni. A 1957 ya zo Nijeriya ya koyar a Ikko, sa'an nan ya yi aiki da sashen ilmin manya na kwalejin jami'a ta Ibadan. A nan ya sami 'yancin da bai taɓa samu a gida ba, amma kuma ya tarar da mutanen da ba su yi kama da nasa ba, masu sarakuna da filayen gado da al'adun da ba a tumɓuke su ba, shi kuwa ɗan unguwar bayan birni ne da ya tashi cikin tsoron 'yan sanda. Daga baya ya zauna Faris da Nairobi da Lusaka da Amurka, ya koma gida a 1977. A rubuce-rubucensa ya yi gardama da masu cewa duk baƙar fata hali ɗaya gare su da ruhi ɗaya. Bai daina kiran kansa ɗan Afirka ba, sai dai ya gane cewa Afirka gida ne mai ɗakuna da yawa, kuma wanda ke son ya koyar da ita dole ya san bambancin ɗakunan.

Lokacin da aka ce baƙo ya tafi

Bayan samun 'yanci kowace ƙasa ta kafa tutarta da takenta da ma'aikatar ilminta, kowace kuma tana da 'ya'yanta masu neman aiki. Malamin da jiya ɗan tarayya ne, yau ya zama baƙo mai tare wa ɗan ƙasa wuri. 'Yan Dahome, waɗanda suka riga sauran yawan 'yan boko, Faransa ta kuma warwatsa su aiki ko'ina, su suka fara ɗanɗanawa. An far musu a Abijan a 1958, kuma a ƙarshen 1963 Nijar ta sallami ma'aikata 'yan Dahome sa'ad da ƙasashen biyu ke jayayya kan tsibirin Lete.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su fita, abin da ya girgiza zanguna, ya raba mutane da garuruwan da aka haife su. Cikin shekarun 1970 ƙaya ta juya. Nijeriya ta sami kuɗin man fetur, ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, tattalin arzikin Ghana kuwa ya durƙushe. Malaman Ghana suka kwararo, har ya zamana akwai ɗimbin 'yan Nijeriya da hannun malamin Ghana ne ya koya musu Turanci da lissafi. Sai kuma a watan Janairu na 1983, da kuɗin mai ya ragu, gwamnatin Shagari ta ba da nata umarnin, mutane wajen miliyan ɗaya suka koma Ghana cikin 'yan makonni. Umarnin marasa takardu ya nufa, amma yaron da ya ga ana yi wa 'yan ƙasar malaminsa ihu a titi ya koyi wani darasi game da Afirka wanda ba ya cikin manhaja. Sunan da aka laƙaba wa jakar da suka ɗaure kayansu a ciki, Gana-mas-go, ya bi ta har kasuwannin ƙasashe da yawa.

Abin da ke sa tafiya ta yi amfani

Idan aka jera waɗannan labarai, za a ga abubuwa uku da ke sa zama a wata ƙasa ya faɗaɗa zuciyar malami. Na farko shi ne daɗewa da yin aiki tare. 'Yan Ponty shekara uku suka yi suna cin abinci a akushi ɗaya, Aggrey ya fi shekara 20 a Amurka. Ziyarar mako guda da kwana a otal ba ta haifar da irin wannan. Na biyu shi ne irin karɓar da aka yi wa baƙo. Wanda aka ɗauke shi abokin aiki, ana gayyatarsa suna da biki, yakan koma gida da ƙaunar wurin. Wanda aka ɗauke shi ɗan ƙwadago mai araha, ana riƙe masa albashi, 'yan sanda na tsare shi a hanya, yakan koma ya fi dā ƙanƙame ƙasarsa. Na uku shi ne samun abin da za a kwatanta kai da shi. A gaban mai mulkin mallaka ko mai wariya, Bafante da Bazulu sun ga abin da ya haɗa su. Da wannan ya kau, sai an nemi wani dalilin zama tare wanda ya wuce ƙin abokin gaba.

Turawa ma sun fuskanci wannan tambaya a nahiyarsu, suka kuma kashe mata kuɗi mai yawa. Bayan yaƙe-yaƙe biyu, Faransa da Jamus sun kafa hukumar musayar matasa a 1963. A 1987 ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai suka fara shirin Erasmus, wanda a shekararsa ta farko ya aika ɗalibai 3,244 karatu a ƙasashen juna. A 1995 aka ƙara shirin Comenius domin makarantu da malamansu, a 2014 kuma aka haɗe su duka a ƙarƙashin suna ɗaya. Amma da masana suka bincika ko wannan zirga-zirga tana sa mutum ya ƙara jin shi ɗan Turai ne, amsar ba ta fito yadda ake zato ba. Emmanuel Sigalas, a binciken da ya buga a 2010, ya tarar cewa shekara guda a waje ba lalle ta ƙara wannan ji ba. Theresa Kuhn kuwa a 2012 ta nuna cewa yawancin masu tafiyar mutane ne da dama can suna jin su 'yan Turai ne, waɗanda musaya za ta fi sauya wa tunani kuwa, watau masu ƙarancin karatu, su ne ba sa samun zuwa. A nan ne muhimmancin malami ya fito. Ba za a iya aika kowane yaro wata ƙasa ba, amma malami guda da ya je ya dawo zai tsaya gaban dubban yara kafin ya yi ritaya.

Daga tafiya zuwa allo

Abin da malami ya gano a waje ba ya isa ga ɗalibi sai ya shiga littafi da jarrabawa. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta sa ɗaliban Ghana da Nijeriya da Saliyo da Gambiya, daga baya da Laberiya, suna amsa tambayoyi iri ɗaya. Cikin shekarun 1960 masana irin su Jacob Ade Ajayi na Nijeriya da Adu Boahen na Ghana suka rubuta littattafan da suka sa daulolin Mali da Songhai da Borno da Asante a gaban ɗan sakandare, a wurin da dā sarakunan Ingila suke. A 1964 hukumar UNESCO ta fara aikin rubuta cikakken tarihin Afirka cikin juzu'i takwas. Ki-Zerbo ne ya shirya juzu'i na farko, Niane, wanda ya sha ɗauri a Gini, ya shirya na huɗu, Ajayi na shida, Boahen na bakwai. An fassara sassan wannan aiki zuwa harsuna da dama, cikinsu har da Hausa da Fulatanci da Swahili.

Musayar malamai ma ba ta tsaya ba. A 1987 Nijeriya ta kafa shirin aika ƙwararrun 'yan sa kai, cikinsu da malamai, su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karibiyan da tsibiran Fasifik. Ruwanda, bayan ta mayar da Turanci harshen koyarwa a 2008, ta nemi malamai daga maƙwabtanta, a 2022 kuma ta karɓi fiye da 150 daga Zimbabwe. Sai dai shingaye suna nan. An ƙulla yarjejeniyar amincewa da takardun shaidar karatu na juna a Arusha tun 1981, aka sabunta ta a Addis Ababa a 2014, amma sabuwar ba ta fara aiki ba sai 2019. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan 'yancin zirga-zirga kuwa tana bukatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita, bayan shekara biyar huɗu kaɗai suka yi, watau Mali da Nijar da Ruwanda da Sao Tome. Ga kuma katangar harshe tsakanin masu Turanci da masu Faransanci, wadda ta sa malamin Katsina da na Maraɗi suna iya hira da Hausa a kasuwa, amma ɗayansu ba ya iya shiga ajin ɗaya ya koyar.

Shugabanni sun kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963, suka mayar da ita Tarayyar Afirka a 2002, amma sa hannu a takarda ba ya sa yaro ya ji cewa ɗan wata ƙasa ɗan'uwansa ne. Wannan aikin malami ne, shi kuwa malami abin da ya gani ya fi iya koyarwa, domin gani ya kori ji. Ƙasar da ke son 'ya'yanta su san nahiyarsu, sai ta sauƙaƙa wa malamanta fita, ta amince da takardun waɗanda suka shigo, ta biya su haƙƙinsu a kan kari, ta kuma tuna cewa yadda ta riƙe baƙon malami, haka za a ba da labarinta a wani aji mai nisa shekaru da yawa bayan ya koma gida.